Wuƙar Fawa a Kan Kadarko

Ranar da Nasara suka shiga Sakkwato, da asuba na hura wuta na ɗora ruwan koko kamar kullum. Gidanmu yana Ƙofar Atiku. Maigidana mahauci ne, ɗan mahauci. Ya yi salla ya tafi mayanka. 'Ya'yanmu biyu, Buhari da Hajo, suna barci.

Da hantsi muka ji ƙarar farko daga bayan ganuwa. Ba irin ta bindigar maharba ba ce. Tana yi ba ta hutawa. Sai gudu a lungu, wata murya tana cewa, "Ku hita! Ku hita da ɗiya!"

Maigida ya shigo da jinin yanka a hannun riga. Ya saɓa Buhari a kafaɗa, na goya Hajo. Ko ƙofa ba mu ja ba.

Muka bi ayarin mutane muka yi arewa. Kwanakin ban ƙidaya su ba. Ƙafafuna suka tsage. A hanya sana'arsa ce ta ciyar da mu. Duk ƙauyen da za a yanka akuya, shi ke feɗewa, a ba mu kayan ciki. Wuƙarsa tana ƙugunsa cikin kube, inda take tun kafin aurenmu.

Wata rana bayan azahar muka isa gulbin da aka ce yanzu shi ne iyaka: nan ƙasar Ingilishi, can ta Faranshi. Ruwa ya ja baya, amma taɓo ne har ƙirji. Ba hanya sai wani kadarkon giginya da aka zuba wa ƙasa. A ƙarshensa sojojin Faranshi masu jar hula suna tsaye, da Bature ɗaya a kan doki.

Tafintansu ya ɗaga murya. "A aje makami! Kowa ya aje makami!"

Masu takobi da mashi suka zube su a bakin gulbi. Maigida ya wuce tarin bai tsaya ba. Na san zuciyarsa. A wurin mahauci wuƙa ba makami ba ce, kamar fartanya take ga manomi. Ni ma ban tuna da ita ba.

Muna tsakiyar kadarko Buhari ya zame daga kafaɗa. Ubansa ya ɗaga hannu ya tare shi. Riga ta yaye, kube ya bayyana. Ƙarar bindiga ɗaya na ji, maigida ya faɗi. Itacen ya girgiza a ƙarƙashin ƙafata.

Sojoji suka daka tsawa, "Wuce! Wuce!"

Jama'a suka turo ni daga baya. Wata tsohuwa ta fizgi hannun Buhari ta ja shi. Na so in koma, aka tare ni da bakin bindiga. Kafin la'asar an rufe hanya.

Na yi takaba a rumfar mutanen da ban sani ba. Yaran sun rayu, sun girma. Mu huɗu muka hau kadarkon, uku muka sauka. Har yau ban san wanda ya yi wa maigida wanka ba, ko a wane gefen gulbin aka sa shi.