Ranar da Umma Ta Kira Min Mai Ruƙiyya

Akwai wata Laraba a gidanmu na Lugbe da har abada ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina jami'a, malamai sun tafi yajin aiki, Abuja kuwa kullum sabon gini ke tsirowa a hanyar filin jirgi. Baba yana ma'aikata tun safe, ni ina ɗaki da littattafaina da wani kiɗan Turawa da ake kira death metal. Gangunansa kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, jitar da kaushi, mawaƙin kuma gurnani yake daga ƙasan maƙogwaro. Ban san mutum ko ɗaya a garin ba da ke saurarensa.

Ƙungiyar da na fi so tsofaffi ne, tun kafin a haife ni suka fara. A shekarar suka fitar da sabon faifai, na saurara, raina ya ɓaci. Na farkonsu kamar a gareji aka ɗauka, komai a cakuɗe, mai ganga har tsere wa sauran yake. Sabon kuwa tsaf yake, a natse, kowane kayan kiɗa ana jinsa daban. Na ce shi ke nan, sun ƙare. Don in tabbatar, sai in sa tsohuwar waƙa, in sa sabuwa, sannan in gwada gurnanin da bakina in gane inda muryar ta canza. Ashe Umma ta daɗe tana jina daga bayan ƙofa.

Bayan azahar ta ƙwanƙwasa. Tare take da wani dattijo siriri, mai ruƙiyya daga Jikwoyi, da gorar ruwan addu'a a hannunsa.

"Malam, ga shi nan," in ji ta. "Ba ya fita, ba ya magana da kowa, sai wata murya da ba tasa ba. In faya-fayan nan ne, yau a ƙona su."

Na matsa na tare wurin da suke. Faya-fayan su ne kaɗai abokan zamana.

Malam ya ce Umma ta ba mu wuri. Ya zauna bakin katifa. "Samari, sa min abin in ji."

Na sa tsohon. Bai ko motsa ba. Can ya ce, "Me yake faɗa?"

"Mutuwa, Malam. Da kabari."

"To, mu ma muna tunatarwa a kai, sai dai ba da wannan hayaniya ba. Sa wani."

Na sa sabon. Ya karkata kai. "Mutum ɗaya ne?"

"Shi ne, bayan ya tsufa. Ya lalace." Daga nan ban san yadda aka yi ba, magana ta ɓalle min. Na yi ta nuna masa inda ganga ta rage gudu, inda murya ta yi sanyi. Rabon da in yi doguwar magana haka har na manta. Ya bar ni na gama.

"Ni aikina sauraren masu ihu ne," in ji shi. "Na farkon nan, abin yana cinsa a lokacin. Na biyun ya samu sauƙi, labarin ciwon yake bayarwa. Kai so kake ya dawwama cikin ciwo don waƙa ta yi maka daɗi?"

Ya miƙe ya fita, na bi bayansa.

A falo ya ce wa Umma, "Hajiya, babu aljani. Kiɗan dai ban yaba ba, ya rage, kuma kada ya ci masa lokacin salla. Amma yaron nan ba shi da wanda zai yi wa magana ne." Umma ta sunkuyar da kai. Ba a ƙona komai ba. Ya sha ruwa, ya hau acaba ya tafi, ban sake ganinsa ba. Na koma ɗaki, na sa sabon faifan, na saurare shi har ƙarshe ni kaɗai.

Har yau na fi son tsohon, ba zan ɓoye ba, amma na daina cewa mutanen sun lalace. Abin da ya fi tsaya min shi ne, duk shekarun nan, wanda ya taɓa zama ya saurari kiɗan tare da ni shi ne wanda aka kira ya raba ni da shi. Daga ranar na koyi cewa kafin ka ƙwace abin da mutum ya rungume, ka fara zama kusa da shi ka ji me ya sa ya rungume shi.