Tafiyar Tartsatsi Mai Walda

Tartsatsi ake ce masa, ba kuwa don zafin rai ba, domin duk layin masu gyara babu wanda ya kai shi sanyin hali. Sana'a ce ta ja masa sunan. Mai walda ne, shagonsa na can ƙarshen layi kusa da mai faci, idan ya duƙa kan ƙarfe sai masu wucewa su riƙa kaucewa suna kare ido. Yana yin ƙofofi da tagogi da gadaje, wani lokaci har keken gurgu idan an kawo. Rigunansa duk wuta ta huhhuda su, har matarsa kan ce ita fa ba ta san ko mutum ta aura ko rariya ba. Suna da yara, ƙaramarsu mace ce mai surutu da ake kira Auta. Yana kuma da yayarsa wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ba ya yanke wata shawara sai ya je ya zauna a gabanta.

Aiki ya yi ta ja da baya a hankali. Aka fara shigo da ƙofofi haɗaɗɗu masu sheƙi, masu gini suka koma can. Wuta kuma idan ta zo da safe, kafin ya ɗaura ƙarfe ta ɗauke. Ana cikin haka ƙanin matarsa da ke zaune a wata ƙasa ya bugo waya, ya ce akwai masana'antar da ke neman masu walda, ya riga ya ba da sunansa. Tartsatsi bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba. Matarsa ta dube shi, ya dubi ƙasa. Yaya ta ce idan alheri ne Allah ya tabbatar. Da haka maganar ta zama an gama.

Sai shirye-shirye. Aka ɗauke shi hoto, aka ɗebi jininsa a asibiti, aka haska ƙirjinsa. Gwajin ido ne ya fi ba shi tsoro, don ya san abin da shekarun walda suka yi wa idanunsa, amma ya wuce da ƙyar. A ofishin da ke shirya tafiyar ya sha zama kan kujerar roba ƙarƙashin fankar da ba ta kawo iska, har ranar da wani mai ƙaramin gemu ya ce masa takardu za su fito kafin ƙarshen wata, ya je ya kintsa.

Ya kuwa kintsa. Ya sayar da injin waldarsa ga Gajere, maƙwabcinsa mai walda wanda suka daɗe suna tsokanar juna kan wa ya fi iya haɗi. Ya mayar wa mai shago makullinsa. Ya bi gida-gida yana sallama, ana yi masa addu'a, ana cewa kada ya je ya manta da mutane. Yaya ta sayo masa wata rigar sanyi mai kauri a wurin 'yan gwanjo, ta riƙe hannunsa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Shi kuma ya zauna yana jiran nasa hawayen, ba su zo ba. Ya koma gida aka ɗaure jaka, aka ajiye ta bayan ƙofa.

Wata ya ƙare, takardu ba su fito ba. Wani watan ma ya bi bayansa. Mai ƙaramin gemu kullum maganarsa ɗaya, a ƙara haƙuri, daga can ne ake jinkiri. Da fari Tartsatsi yana fita. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tsaya ya ce, "Au, ba ka tafi ba?" Mai faci kuwa cewa yake har ka dawo, ina tsarabarmu. Yakan yi dariya tare da su. Daga baya ya gaji da bayani, ya daina bin layin, sannan ya daina fita sai dole. Yana wuni a ɗaki yana ɗaure ƙusar da ba ta kwance ba. Matarsa ta fara zare kaya daga jakar ɗaya bayan ɗaya, yau tawul, gobe silifas, tana cewa za ta mayar.

Wata rana hanya ta bi da shi ta tsallaken tsohon shagonsa. An sake masa fenti, wani mai sayar da wayoyi ya shiga. Can gefe Gajere ya duƙa da injin da ya saya, wuta na tashi. Tartsatsi ya tsaya yana kallo, yana laluben zuciyarsa ko zai ji zafi. Bai ji ba. Kamar mutum ya daɗe a zaune ƙafarsa ta sage, ya taɓa ta ya ji kamar ta wani ce.

Da takardun suka fito daga ƙarshe, babu wanda zai sake yi wa sallama. Ya kira Yaya, ta ce ita ta riga ta yi nata kukan, Allah ya kiyaye hanya. Matarsa da Auta suka raka shi tasha. Auta ta tambaye shi ko jirgin yana da taga, ya ce idan ya shiga zai duba mata.

Da jirgi ya sauka, ƙanin matarsa ya tarbe shi a gurguje, domin a wani gari yake aiki kuma dole ya koma a ranar. Ya kai shi wani dogon bene, ya nuna masa ɗaki mai gado biyu da taga ɗaya da ke kallon bangon wani benen. Ya nuna masa inda zai tsaya ya hau bas, da katin da zai riƙa dannawa a ƙofar masana'anta, ya dafa kafaɗarsa ya tafi. Ɗaya gadon na wani mutum ne daga wata ƙasa dabam, wanda lokacin aikinsa ya saɓa da na Tartsatsi. Idan wannan ya shigo wancan ya fita. Ya fi sanin takalman mutumin da warin man da yake shafawa a gwiwa fiye da fuskarsa.

A wurin aiki aka ba shi rigar fata da safar hannu da wata hular walda mai gilashin da ke duhu da kansa da zarar wuta ta tashi. Ranar farko ya yi mamakinta, washegari ta zama hula kawai. Aikin shi ne a turo masa wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya, ya haɗa shi a wuri biyu, ya tura gaba, wani ya iso. Babu mai zuwa ya ce a yi masa fure a saman ƙofa, babu mai ciniki, babu mai ɗauke wuta. Mai kula da su yakan zo ya duba haɗin, ya ɗaga babban yatsa, ya wuce. Sunansa na yanka suke kira, shi ma a karkace, har sai an maimaita kafin ya gane da shi ake. Ya koyi kalmomin da za su ishe shi sayen burodi da shinkafa da tambayar lokaci, ya tsaya a nan.

Ranar hutu yake kiran gida. Matarsa ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya tashi daga unguwa, ta ce ya rame, ya ce hasken wayar ne. Duk abin da aka tambaye shi amsarsa lafiya lau. Ba ƙarya yake yi ba, babu inda ke masa ciwo.

Wata rana lokacin cin abincin rana aka kira shi daga gida aka gaya masa Yaya ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya da aka ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Ya yi mata addu'a, ya ce a yi wa kowa gaisuwa. Ƙararrawa ta kaɗa, ya rufe sauran burodinsa, ya sauke hula, ya ci gaba da haɗa ƙarfe har aka tashi. Ranar hutun da ta biyo baya abokin ɗakinsa ya same shi zaune a bakin gado, ya tambaye shi da hannu ko lafiya. Tartsatsi ya lalubo kalmar da ya sani a harshen garin, ya ce, "Yayata." Sauran bai san yadda ake faɗa ba. Mutumin ya ɗauka zuwa za ta yi, ya washe baki, ya buga masa baya, har ya haɗa musu shayi don murna. Tartsatsi ya karɓa ya sha. Shayin ya yi sukari da yawa.

A shekara ta biyu ne Auta ta karɓi wayar ta ce malamarsu ta ce kowa ya rubuto aikin babansa. "Baba, me kake ƙerawa a can?"

Bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba. Ya ce zai gaya mata.

Washegari ya ɗaga ƙarfen ya nuna wa mai kula da su, ya juya tafin hannu alamar tambaya. Mutumin ya yi dariya, ya ciro waya ya nuna masa hoto. Ashe ƙafar kujerar bas ce. Da aka tashi ya hau bas ɗin da yake hawa kullum, ya zauna, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kujerar gabansa. Ga ƙarfen nan, ga haɗi biyu. Ya shafa da yatsa, bai iya gane ko nasa ne ko na wani ba. Wata tsohuwa da ke gefensa ta zaci wani abu ya yar, ta janye ƙafarta.

Da ranar hutu ta zo ya kira ya ce a ba shi Auta, ya ce mata ya gano, kujerun mota yake yi. Ta ce ai an wuce wurin tuni, ita ta rubuta ƙofofi, malama ma ta ba ta maki mai kyau. Ya ce to madalla. Ta miƙa wa uwarta wayar ta ruga waje, yana jin muryarta tana kiran ƙawarta.

A ƙarshen wannan shekarar aka tambaye shi ko zai sabunta kwantiragi, ya sa hannu. Yana can har yanzu. An sauya masa ɗaki zuwa hawa na ƙasa saboda gwiwarsa ta fara ciwo a matakala, kuma tagar sabon ɗakin tana kallon wurin ajiye motoci.