Sunan Mijin Inna Adama

Inna Adama mai daddawa ba ta taɓa sanin nauyin baki ba. Tun tana budurwa take cin kasuwannin Bungudu da Tsafe, kuma direbobin hanyar sun san in ta shiga mota, rediyo ya huta.

A daminar 1998 gulbi ya cika ya cinye musu rabin ƙauye, aka kwashe su zuwa wata firamare a Bungudu. Ranar da motar agaji ta iso daga Gusau da gero da barguna, maza duk sun koma tonon abin da ya saura a rumbuna, sai mata kawai suka rage a firamaren. Ashiru, jami'in rabon, ya ce kowane gida buhu guda, amma sai an faɗi ainihin sunan maigida. Nan layi ya tsaya cak. Wace mace ce za ta kama sunan mijinta a bainar jama'a? Kowacce ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ga direba yana ta faɗin da la'asar zai wuce Tsafe da abin da ya rage.

Inna Adama ta gyara ɗaurin zane ta tsaya kusa da Ashiru. Mace na matsowa, ita ke faɗin sunan, har da gyara: wannan matar Bawa ce, sarkin minshari, waccan ta Ɗanjuma, wanda jakinsa ya fi shi sammako. Buhuna suka yi ta tafiya.

Sai aka zo kanta. Mijinta dai kowa Baba Dogo yake ce masa, waɗanda suka san sunansa na yanka duk sun riga mu gidan gaskiya. Bakin nan ya mutu murus. Ga jikoki a aji, tun jiya ba su sa komai a ciki ba sai kunu.

"Ɗana," in ji ta, "ka san mutanen da suka zauna da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam?"

Ashiru ya ce Abubakar, ta girgiza kai. Ya kawo Umaru, ya kawo Usmanu da Aliyu, har ya gangara kan Bilalu.

"Inna, suna da yawa fa. Sai mu kai magariba."

"Wa ya ce ka zaɓa? Kowanne ka ɗauko a cikinsu, me ake ce masa?"

Ashiru ya ce, "Sahabi?"

"Kai ka faɗa, ba ni ba," in ji Inna Adama. Ta naɗe gammo ta duƙa, ta ce a ɗora mata buhunta.