Faifan Yaya Lawal da Bakin Mutanen Unguwarmu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Malam Lawal, malamin kimiyya a Kankara, kuma har yau ban huce ba.

Ni dillalin tsofaffin ƙarafa ne. Ni na samo masa wani ƙaton faifan satalayit a Faskari, ya kafa shi a tsakar gida bisa ƙafar tsohuwar mota don ya riƙa juya shi. Ya ce a ƙasashen waje akwai irinsa masu faɗin filin ƙwallo, inji ke juya su, masana na sauraren taurari da su. Nasa rana kawai yake iya ji. In ya saita shi gare ta, sai ƙarar "shuuu" ta ƙaru a na'urar sauraron da ya haɗa da faifan, ya yi ta murna kamar wanda ya cika rumbu.

Lokacin kowa na farautar infoma, wato masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Da la'asar rana kan karkata yamma, wajen daji, faifan yana bin ta. Wani Alhaji maƙwabcinmu, wanda Yaya ya koyar da 'ya'yansa, ya tsaya ƙofar masallaci ya ce, "Ku dubi inda abin nan ke kallo. Da wa yake magana?"

Yaya ya ce, "Alhaji, ba ya da baki, kunne gare shi. Shigo ka ji."

Ba wanda ya shiga. Da guduma suka shiga washegari, suka farfasa faifan. Aka daina amsa sallamarsa, hawan jini ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Yau rabin masu gudumar nan suna da faifai a kan rufinsu, suna kallon ƙwallo. Da Yaya na raye dariya zai yi, ya hau ya saita musu. Ni ba shi ba ne. Har gobe ana kiran gidansa "gidan infoma", kuma mata sun daina kai niƙa injin matarsa.

Kwanan baya Alhajin ya same ni a shago, yana rage murya, wai abin da ya wuce ya wuce. Na ce masa magana zarar bunu ce, wanda ya zare a gaban jama'a, a gaban jama'a zai tsaya ya ce ƙarya ya yi. Ya ce zai duba. Juma'a uku sun wuce.

Yaya bai bar gona ba, bai bar shanu ba. 'Ya'ya huɗu ya bari masu amsa sunansa, kuma da sunan nan za su nemi abinci a garin nan. Allah ya jiƙan Yaya. Alhaji, yaran suna jira.