Saiwar Bakin Kogi da Ƙafar Bulus

Samari, ku gyara zama. Wannan tsohon da kuke gani yana gyangyaɗi a tashar bas ta Edmonton, da can mutumin kirki ne, ku yarda ko kar ku yarda. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, ba don kaina ya cika ba, malaman ne suka gaji. Na zo Landan da ƙarfina, na yi gadi, na yi wanke-wanke, daga baya na samu aikin shara da ɗaukar kaya a shagon wata 'yar ƙasar Sin mai maganin gargajiya a Marylebone. Har lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

A shagon na san wata saiwa, yankakkiya, busasshiya, mai ɗan ɗaci. Su a yarensu shu-duwan suke ce mata, wai mai haɗa abin da ya karye. Uwar ɗakina ta ce tun kakanninsu suke dafa ta don ciwon baya da gwiwa da karaya. Ta ce masu bincike ma sun gwada ta a kan ɓeraye, sun ga kamar tana taimaka wa ƙashi ya tofo, sai dai a jikin mutum ba a gama tabbatarwa ba. Shi ya sa duk wanda ya zo mata da karaya, asibiti take fara kora shi. Ni kuwa rabin maganar na ji. Na ɗauki wajen ƙashi, na bar wajen ɓera.

Da gwiwata na fara. Na damƙi kaɗan na zuba a aljihu, na dafa, na sha. Ko saiwar ce ko daɗin sata ne, washegari na hau matakala ina waƙa! Ranar Juma'a na ba wani dattijo, ya dawo yana sa mini albarka, ya cusa mini wani abu a hannu. Wallahi sai da na ce ya bari, amma hannun nawa bai ji ba. Daga aljihu na koma leda, daga leda na koma jaka. Matar ta gane, ta sallame ni, ko 'yan sanda ba ta kira ba.

A nan ya kamata in tsaya. To, ina yawo a bakin kogin da ke bayan unguwarmu ina tunanin rayuwa, sai ga wata ciyawa doguwa mai ƙayayuwa a ka, sak hoton da ke jikin bangon shagon. Kai, sai da na yi tsalle! Ga maganin Sin Allah ya shuka mini kyauta a Ingila, Turawa suna wucewa da karnukansu ba su san abin da suke takawa ba. Na sayo ɗan shebur, na haƙa, na yanka, na busar a kan hitar ɗumama ɗaki, har maƙwabta suka kai ƙarata wajen council, hukumar unguwa, saboda wari.

Kun san mutanenmu da ɗori. Bahaushe zai yarda da likita a kan komai, ban da ƙashi. Ka ce za a sa masa ƙarfe a jiki, sai ya fara neman tikitin gida. Ni kuwa sai na ce kakana sarkin ɗori ne a garinmu, alhali mahauci ne, Allah ya jiƙansa. Na haɗa gadon kaka da ilimin Sin, na sayi farar riga. Nan da nan na zama Dokta. Waya ba ta hutawa. Har mata masu digiri suna durƙusawa su gaishe ni, ni da ban iya rubuta sunan saiwar ba.

Sai maganar Bulus. Mutumin Jos ne, direban bas a Dagenham, ƙanin bayana ne a shekaru, amma abokin wasana. Sau da yawa ya ciyar da ni lokacin da ba ni da aiki. Ya zamo daga matakala, idon sawunsa na dama ya karye. A asibiti suka sa masa filasta, suka yi masa booking na tiyata, wai in kumburi ya sauka za su ɗaure ƙashin da ƙarfe. Ƙafar dama ce, ita ce mai taka birki, ita ce abincin gidansa.

Da na je dubiya na tarar tsoro ya cika shi. Ya ce, "Baba, gaya mini gaskiya, za ka iya?"

Na ce, "Direba, kai da ƙarfe sai dai na bas."

Ya yi dariya, ya sa aka yi cancel ɗin tiyatar. Matarsa, Maman Rahila, ta roƙe shi, ta roƙe ni, na ce mata ai wannan ba maganar mata ba ce. Na yanke filastar da almakashin kicin ɗinta. Masu ɗori a gida da kara suke ɗaurewa, to ina zan ga kara a Dagenham? Na cire labulen gora na tagar falonsu, na shafe ƙafar da dakakkiyar saiwa, na naɗe, na ɗaure tamau. Yana ihu ina cewa maganin ne ke aiki.

Bayan 'yan kwanaki yatsun suka yi baƙi. Ya kira ni, na ce dafin ne ke fita, ya ƙara haƙuri. Allah ya sa matar ba ta ƙara haƙurin ba, ta kira motar asibiti. An ceci ƙafar da ƙyar, amma yatsu biyu sun tafi, idon sawun ya ƙage, ba ya lanƙwasuwa.

A kotu aka kawo wani masanin tsirrai. Ya ce abin da nake haƙa ɗan'uwan shu-duwan ne kawai, ba shi ba ne, kuma ko na gaskiyar ne ba zai jera ƙashin da ya goce ba. Alƙali ya tambaye ni inda na yi karatun likita. Na ce ranka ya daɗe, gado ne. Aka bincika gadon, aka samo mahauci. Duk kotun ta yi dariya ban da Maman Rahila. Aka ɗaure ni kan damfara da raunata mutum.

Gidan yarin Ingila akwai gado da bargo, har da talabijin, kar wani ya ruɗe ku da wannan. Ƙofar ba ta da mariƙi ta ciki. Can na koyi karanta Turanci da tsufana, can kuma na yi kukan da ban yi ba ko ranar da uwata ta rasu.

Da aka sake ni, gidan Bulus na fara zuwa. Matar ta buɗe ƙofa, ta wuce ciki abinta. Shi kuwa aikin bas ya ƙare, yanzu gadi yake yi a zaune. Na durƙusa, tsofai-tsofai da ni, na nemi gafara.

Ya ce, "Na yafe tun kana ciki, Baba. Amma kar ka tashi tukuna. Zauna ka ga yadda nake sa takalmi."

Na zauna na gani. Ba zan ba ku labarinsa ba.

To, samari, na tuba, ga nasihata kyauta, ita kaɗai ce maganin da ya rage a hannuna. Saiwar nan ba ta da laifi, masu ita sun san inda amfaninta ya tsaya. In masani ya gaya muku abu, ku ji har ƙarshe, har da wajen da ba zai kawo muku kasuwa ba. In ƙashinku ya karye, ku tafi asibiti. In kuma wani ya dube ku cikin tsoro ya ce za ka iya, alhali kun san ba ku iya ba, ku ce a'a. Kunyar ba za ta wuce yini ba. Bulus kuwa kowace safiya sai ya sa takalmi.