Tafintan Shanu

Ni ɗan birni ne, haifaffen Fagge, ɗan tela jikan tela. Kafin in zo Doha, iyakar sanin da na yi wa saniya shi ne bayan an soke ta a tsinke an barbaɗa mata yaji. Amma da korona ta rufe otal ɗin da nake wa tuƙi a West Bay, kafil ɗinmu, wato mai gidan da ya ɗauko mu aiki, ya rasa yadda zai yi da direbobi, sai ya rarraba mu cikin sauran harkokinsa. Ni aka tura ni gonar madara, can arewa da gari, inda shanu ke kwana cikin sanyin na'ura, mu kuma 'yan Adam muna kwana da fanka mai tari.

Mudir, wato manajan gonar, ya duba fasfona ya ce, "Arewacin Najeriya? Madalla. Ai ku duk makiyaya ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni direba ne. Ko igiyar tunkiya ban taɓa riƙewa ba."

Ya ce, "Khalas, shi ke nan, bar tawali'un nan." Nan take na gaji garken da kakannina ba su taɓa gani ba.

Aka haɗa ni da likitan dabbobi, wani dogon dattijo ɗan Latviya da rana ta dafa wa hanci. Ya zo duba sababbin shanu ne ya koma gida, sai jirage suka daina tashi. Aikina in tuƙa shi, in kuma fassara maganarsa ga ma'aikatan da ke jin Hausa, namu na gida da 'yan zangon Ghana. Turancinsa da nawa, ko an haɗa su wuri ɗaya, ba za su ci jarrabawar firamare ba.

Ni a Turanci cow kawai na sani, kuma na ɗauka ta ishi kowa. Ashe Bature ma ya iya rarrabe shanunsa. Ran farko Likita ya nuna wata ya ce heifer. Kunnena ya ji "haifa", na juya da isa irin ta tafinta na sanar cewa haihuwa ta zo. Aka share wuri, aka shimfiɗa ciyawa, ƙarti suka tsaya jiran karsanar da ko bijimi ba ta taɓa gani ba. Ita kuwa tana ta tuƙa abinta tana kallonmu.

In Likita ya gaji, sai ya yar da Turancin ya koma harshen uwarsa. A haka na san govs saniya ce, teļš maraƙi, piens madara. Ilimi mai tarin amfani ga direba a ƙasar Larabawa.

Wata safiya ya fito da jakarsa a gaggauce, ya nuna bayan gona inda mai gida ke ajiye 'yan ƙananan dabbobinsa, ya ce, "Kaza sick. Bring kaza."

Daɗi ya kama ni. Yau dai ga Latviyanci ya shiryu ya zama Hausa. Na faɗa cikin kaji da takunkumi a fuska, zafi kamar bakin tanda, na zaɓi wadda ta fi kama da mara lafiya. Da ta gan ni sai ta warke. Muka zagaya tankin ruwa, muka bi ta ƙarƙashin mota. Wani abokina ɗan Kumasi ya jingina da shebur yana kallo.

Ya ce, "Ɗan'uwa, yau miya za mu sha ke nan?"

Na ce, "Umarnin Likita ne."

Na kai ta ina haki. Likita ya dubi kazar, ya dube ni. Sai ya ajiye jaka, ya kafa yatsu biyu a goshi, ya yi kukan akuya. Dattijo mai furfura, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a jami'a, yana "mee" a tsakiyar hamada. A garinsu kaza akuya ce. Daidai lokacin mudir ya gifta a mota, ya ga Bature yana kuka ni ina rungume da kaza, ya ɗaga mana babban yatsa ya ce, "Masha Allah, kun fahimci juna." Akuyar kumburin ciki ne ya kama ta, ta kuma tashi, ba don taimakona ba.

Da jirage suka dawo Likita ya tafi. Ya bar mini takalman robarsa, waɗanda ƙafafuna biyu za su shiga ɗaya.

Lokacin gasar cin kofin duniya an mayar da ni sitiyari. Najeriya ba ta samu zuwa ba, 'yan Ghana kuwa suka tabbatar ban manta ba ko da yini ɗaya. Wata rana na ɗauki mata da miji daga otal zuwa filin wasa. Suna magana a baya sai na ji muryar Likita a cikin harshensu. 'Yan Latviya ne, su ma 'yan kallon ƙasashen wasu, irina.

Na so in burge su. Na tuna abin da Likita ke faɗa kullum in ya shiga rumfar shanu, wanda na ɗauka sallama ce. Na gyara murya na ce, "Labrīt, resnītes!"

Sai mijin ya fashe da dariya har yana dukan kujerata. Da ya samu numfashi ya fassara mini da Turanci: "Ina kwana, 'yan lukutaye." Matar, Allah ya yi mata jiki, ba ta ga abin dariya ba.

Na ba su labarin gonar don in wanke kaina. Mijin ya ce kakarsa ma shanu take kiwo, ya shiga gwada ni, yana faɗar kalma ina ba shi ma'ana. Cunkoson unguwar Al Aziziya ya riƙe mu, muka bi garke kaf, daga maraƙi har taki. Matar ta juya fuska wajen taga.

Da na sauke su, mijin ya miƙo hannu muka gaisa kamar tsofaffin abokai. Ita kuma ta rufe ƙofa da ƙarfin da sai da madubin gefe ya karkace.