Jibin da Inna Ba Ta Ci Ba

Har yau ba na son warin kafur. In matata ta sa shi cikin kaya, sai na shanya rigar kwana biyu kafin in sa. Warin akwatin babana ke nan, wani baƙin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon innata a Kalgo, zamanin da ake ta cewa Turawa za su tafi, ba su tafi ba.

Babana katikis ne a cocin Angilika. Kada ka ji na ce coci ka hango wani gini. Ɗakin laka ne da jinka a bayan gari. Ba mu kai talatin ba: Yarabawa masu tireda, wasu leburorin hanya, da mu. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen mota ne a rataye jikin bishiyar bedi. Mutanen gari Musulmi ne, ba su dame mu ba, mu ma ba mu dame su ba.

Katikis ba limami ba ne, ka riƙe wannan. Zai ja addu'a, zai yi wa'azi, zai binne gawa, amma ba shi da ikon sa albarka a kan gurasa da ƙoƙo. Cin gurasar da shan ƙoƙon shi muke kira Jibin Ubangiji, bayar da shi sai Rabaran, wato limaminmu, shi kuwa daga Sakkwato yake zuwa, sau uku a shekara. Yakan fara sauka Gwandu wajen 'yan Kiristan da ke aikin asibiti, sannan ya iso mu. Kayan jibin duka, ƙoƙo da farin ƙyalle da kwalbar ruwan inabi, suna cikin akwatin nan. Mabuɗin yana wuyan Baba.

Da damina Inna ta kwanta. Ina shekara tara. Tari ne, da farko busasshe, daga baya ta riƙa ɓoye tsumman da take tofawa. Ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa. Fadama ta cika ta hau gonakin gero, bangon coci na gabas ya jiƙe ya fara kumbura kamar cikin akuya. Ranar Lahadi muna waƙa, ƙasa na zubo mana a ka. Angulaye suka koma kwana a kan bedin ƙararrawa. In na buga ƙarfen ma ba sa tashi, sai dai su leƙo ni.

Abu ɗaya Inna take so, ta ci jibi kafin ta tafi. Ba ta iya karatu ba, abin da aka gaya mata shi ta riƙe, cewa wanda bai ci bai sha ba, ba shi da rai a cikinsa. Kullum da safe in na kai mata kunu sai ta tambaye ni, "Ka ji mota?"

Da ranar zuwan Rabaran ta wuce da mako guda, Baba ya ɗauki keke ya nufi Gwandu. Kwana uku ya yi. Ya dawo da keken a kafaɗa, laka har cinya. Ya ce ruwa ya cinye hanya bayan Kambaza, can gaba ma kwalbati ya karye, ba mota sai ruwa ya janye.

Inna ta saurare shi har ya gama. Sannan ta sauke hannu ta bubbuga akwatin da ke ƙarƙashinta.

"Malam, ga shi nan a ƙarƙashina. Ka san kalmomin, ka ji su sau nawa."

"Ba a ɗora mini hannu an naɗa ni limami ba," in ji Baba.

"Shekara goma sha biyu ni ke wanke ƙoƙon nan. Na san inda ya lotse, Rabaran bai sani ba. Ka ba ni ko da yatsa ne, wa zai kai ƙararka?"

"Ba ƙara nake tsoro ba. In na ba ki, abin da na ba ki ba jibi ba ne, ƙarya ce. Ki tafi da ƙarya a baki?"

Ta juya fuska bango. Daga ranar ta daina tambayata mota.

Maƙwabcinmu wani tsohon masunci ne, matansa ne ke zuwa su juya Inna, su wanke ta, su dama mata fura. Labari ya kai masa. Ya tarar da Baba a ƙofar gida yana kankare lakar keke, ya tsuguna ya ce, "Malam, mu in munka rasa ruwa, ƙasa muka dahwawa mu yi taimama, Allah shi karɓa. Ku ba ku da irin wagga?"

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Ba mu da ita."

Ranar Alhamis da hantsi ta rasu. Baba da kansa ya karanta addu'ar binnewa, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Kabarin ya tara ruwa, sai da aka kwashe da ƙwarya.

Bayan kwana tara Rabaran ya iso a bayan motar gyaɗa. Ya zauna a zaurenmu Baba ya ba shi labari, ina ji yana jiran a ce masa ya yi daidai. Sai Rabaran ya ce a ba shi littafin addu'a. Na Baba aka miƙa masa, wanda bangonsa ya mutu saboda riƙo. Ya buɗe wajen addu'ar marasa lafiya, ya sa yatsa a kan wasu ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi. Abin da ke wurin shi ne, majiyyacin da wani dalili ya hana shi jibi, in ya tuba ya ba da gaskiya, a sanar da shi ya ci ya sha ke nan, ko da bai taɓa bakinsa ba.

"Ba ka karanta mata wannan ba?"

Baba ya kai littafin kusa da ido. Ya ce, "A makaranta an ce mana ƙananan na limamai ne."

Wato babu buƙatar mabuɗi, babu buƙatar mota. Layi huɗu ne, suna hannunsa kullum, da ya karanta mata ta tafi da kwanciyar rai.

Ran Lahadi aka yi jibi. Na zaci Baba zai zauna. Ya tashi, ya durƙusa gaba da kowa, ya buɗe tafin hannu. Ina kallon maƙogwaronsa lokacin da ya haɗiye. Ban sake kiran shi Baba da daɗin rai ba, kuma da na kai aji huɗu na bar makarantar mishan, ya yi duka ya gaji.

Yanzu coci na bulo ne, da kwano, da lasifika. Limamai sun yi yawa har ana rasa inda za a kai su. Ko zazzaɓi ya kama tsohuwa, sai ka ga yaro da farar kwala ya zo a babur da ɗan akwatinsa. Ɗaya daga cikinsu ya zo gidana bara, yana tambaya me ya sa nake zama a bencin baya, ban taɓa fitowa jibi ba. Na ce masa uwata ta roƙa kwana goma sha ɗaya ba ta samu ba, ni da wane baki zan karɓa? Ya fara jawo mini aya. Na ce ya sha ruwansa, rana na yi.